Injin da Ya Ƙi Tashi a Karkarar Urafan

Jiya da hantsi ina zaune nan bakin shago, ku huɗu kun haɗa kai bisa waya guda kuna kallon wani mutum shina haɗa ordinater, wato kwamfuta, sai na ji ɗayanku ya ce, "Ashe abin minti goma ne, Baba Illa ke ja mana rai." Bai ko yi ƙarya ba. Haɗawa ba ta da wuya. Ka soka wannan, ka ɗaure wancan, duk wanda ya iya zura zare a allura zai iya. Abin da mutumin cikin wayar bai nuna muku ba shi ne sa'ar da ka gama, ka rufe akwati, mai kaya na tsaye bisa kanka shina murmushi, ka danna maɓalli, ka ji tsit. Ba fitila, ba fanka, ekaran, allon da ake kallo, baƙi ƙirin. Kome na ciki sabo fil, jiya aka ɓare shi daga leda, amma inji ya ce ba shi tashi. To daga nan ne sana'ata take farawa. Ku jawo bencin cikin inuwa.

Ni da rediyo na taso. Shekara da shekaru ina da rumfa cikin kasuwar Tasawa, ina gyaran rediyo da kaset, ƙarfen dalmata kullum bisa gawayi. Sai zamani ya juya, ƙananan rediyo masu arha suka cika gari, in ta lalace a jefar a sayi wata. Furfura ta fara fito mini a gemu sa'ar da na gane rumfar ba ta ƙara ciyar da gida. A lokacin ne Agali ya komo daga Aljeriya ya buɗe shagon ordinater kusa da tasha. Buzu ne, iyayenshi na noma da kiwo arewa da Mayahi, Hausarshi ta fi tawa daɗi. Sa'an ƙanena ne, tare suka yi lakwal, makarantar boko. Na sa rigata mai kyau na je na ce shi ɗauke ni koyo. Abokan fadarmu sun yi dariya har da riƙe ciki, wai tsoho zai koma aji ɗaya. Shi ko Agali tashi ya yi ya ba ni kujerarshi, ya ce, "Yaya Illa, na ɗauke ka, amma da sharaɗi guda. A waje kai ne babba. A gaban inji ba babba."

Injin farko da ya bar ni na haɗa ni kaɗai na wani mai buron buga takardu ne, irin masu rubuta wa mutane takardar neman aiki. Na shimfiɗa babban faifan nan da kome ke hawa bisanshi, wanda muke ce wa kart-mer, na zaunar da porosesa a gurbinshi, na danna baret ɗin ƙwaƙwalwa har ya ce ƙas, na jera wayoyi tsaf kamar kitson amarya. Na danna maɓalli. Shiru. Na ƙara dannawa. Shiru. Agali na gefe shina fifita gawayin shayi kamar ba shi cikin shagon.

"Maigida," na ce, "alim ɗin nan matacce ne." Alim shi ne akwatin ƙarfen da ke karɓar wutar bango shi rarraba ta ga sauran kaya.

"Wa ya gaya maka?"

"Ai ga shi ba wuta."

"Shi ka tambaya, ko ko hukunci ka yanke mishi ba shi nan?"

Ya ɗauko ɗan ƙarfen da ake maƙale takardu da shi, ya miƙe shi ya lanƙwasa kamar ƙugiya, ya zare babbar wayar alim daga faifai, ya haɗa ramin koriyar waya da na baƙa. Fankar alim ta kama juyawa lafiya lau. Ya mayar da wayar gurbinta, ya ɗauki turnabis, abin murɗa ƙusa, ya taɓa wasu ƴan allurai biyu a gefen faifai, inji ya yi firgigit ya tashi. Ashe siririyar wayar da ke fitowa daga maɓallin gaba ce na soka a alluran fitila. Maɓallin da nake ta danna ba shi haɗe da kome.

Ya zuba mini shayi na farko, mai ɗaci, ya ce, "A rediyo abin da ya mutu kake nema. Nan ko kome sabo ne, da wuya ka samu gawa. Hannunka za ka bi, ka ga inda ya kuskure." Ya koya mini jeri, kuma bai taɓa yarda in tsallake ba: bango tukuna, sai waya, sai ɗan makunnin da ke bayan alim wanda kowa ke mantawa, sai alim, sai faifai, sai baret, sai ekaran. Abu guda ake canzawa, a danna, a gani. In ka canza uku inji ya tashi, ba ka koyi kome ba, sa'a ka yi. Shekara uku na yi hannunshi kafin ya koma Agadas ya bar mini shagon.

Kun sha yi wa jakar kayan aikina dariya, bari in gaya muku mi ke ciki. Turnabis biyu, ɗaya mai maganaɗisu don ɗauko bis, wato ƙusa mai murɗi, in ya faɗa lungu. Mita ta auna wuta, wadda na zo da ita tun zamanin rediyo. Gwangwanin kifi da nake tara bis a ciki, don bis guda da ya ɓace cikin akwati ya isa shi ƙone faifai. Gom na ƴan lakwal, mai goge fensir, na goge haƙoran baret. Madubin kwalliya ɗan ƙarami, na uwargida ne, na are shi ban mayar ba, da shi nake leƙa inda kaina ba shi shiga. Sai wannan ɗan baƙin abu kamar ƙwallon goruba da aka sassaƙe, mai waya biyu. Lasifika ce. In ka soka ta a faifai, inji na faɗa maka ciwonshi da kuka. Kuka ɗaya gajere, lafiya ke nan. In ya yi ta kuka ba tsayawa, yawanci baret ne bai zauna ba. Kowane faifai da irin harshenshi, shi ya sa ba ni jefar da ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali. Ku kuna jefarwa tare da leda, na gani.

Akwai wani mai hoto daga Mayahi, Ɗanladi, ƙato mai fara'a. Ranar kasuwa ya ɗauko inji da ekaran bisa cinya cikin motar ƴan awaki, ya sauka jikinshi duk gashin akuya. Wani ne ya haɗa mishi a Maraɗi, da kati na musamman don gyaran hoto. Fanka na juyawa, fitila na haske, ekaran ko ya ce ba shi ganin kome. Kwana biyar ke nan, ga shi da hotunan biki uku, iyayen amare sun hana shi zama shago.

"Malam Illa, an cuce ni. Kwalin banza aka sayar mini."

Na ce shi haɗa mini shi yadda yake haɗawa a gida, ni ba ni taɓawa. Ya haɗa. Ina kallo ya soka wayar ekaran a ramin sama, na faifai. Inji mai katin hoto ko ta ramin katin yake magana, can ƙasa. Na kama hannunshi da wayar, na saukar da shi taƙi guda. Ekaran ya washe. Ɗanladi ya dubi ekaran, ya dube ni, ya zauna ƙasa dirshan shina dariya har da hawaye.

"Don Allah kar ka gaya wa mutanen Mayahi."

Ban gaya musu ba. Shi ya gaya musu da bakinshi, har yau in mun gamu sai ya ɗaga hannu ya saukar taƙi guda. Hoton nan nawa da ke bango shi ya ɗauka.

Wani kuma mushe ne, wato malamin lakwal, mai koyar da lissafi a Kanan-Bakashe, irinku ne mai koyo ta waya. Ya haɗa nashi da kanshi, kuma wallahi ya iya, wayoyinshi sun fi nawa tsari. Injin na tashi, shi yi kamar minti ɗaya, sai shi ɗauke ɗif. Ya zo da matarshi, ita ce ta sayar da tumakinta biyu aka sayi kayan, tana zaune bakin ƙofa. Inji da ke tashi shi mutu, ko zafi ne ko wuta. Na ɗora bayan hannu bisa ƙarfen da ke sanyaya porosesa, na ji shi sanyi ƙalau, alhali ya kamata shi ɗumama. Zafin ba shi isowa gare shi ke nan. Na kwance shi na juya. Ga ƴar ledar kamfani manne a gindinshi, har da jan rubutu cewa a ɓare kafin a ɗora. Mushe ya gani, fuskarshi ta canza. Na dunƙule ledar cikin tafina na sa aljihu, na goge, na shafa sabon man sanyi, na ɗaure. Matar ta ce, "Baba, mi ya same shi?" Na ce, "Zafi ne, ɗiyata, ya kusa yi mishi yawa. Amma wanda ya haɗa injin ga ya iya aiki." Duk maganganun biyu gaskiya ne. Rabin sana'ar ga ita ce ka san abin da za ka faɗa gaban wa.

Sai shekarar nan da aka rufe iyakar kudu, wuta ta yi wuya. Kun san ta, sai dai ku lokacin kukan cajin waya kuke. Kayanmu duk ta Kano suke zuwa, suka tsaya cak. Wuta ta zo awa biyu, ta tafi yini. Wa zai haɗa sabon inji ba wutar kunna shi? Masu shago irin nawa biyu suka rufe, ɗaya ya koma sayar da ƙanƙara, ita ma ba wuta. Ni na koma gonar mahaifina wajen Kona, na yi gero da wake, shago sai ranar kasuwa. Ina gyara tocila da fitilun rana, na ma koma kan rediyo, don mutane sun tono tsofaffin rediyonsu suna neman labari. Matattun injunan da ke jibge bayan shago su suka zama kantina: in cire baret nan, in cire alim can, in tayar da ɗaya daga gawa uku.

Ana cikin haka, bayan an cire gero wake na bushewa, wata mata ta yi sallama bakin shago da kwalaye biyu bisa babur. Sunanta Madan Rakiya, ungozoma ce a wani ɗan gidan likita cikin karkarar Urafan. Ƙanenta da ke aiki Aljeriya ya aiko mata kayan inji sababbi ta hanyar arewa, faifai da porosesa da baret da alim da diski. Ta kuma buɗe wani ƙaramin kwali a hankali kamar mai buɗe ƙwai, ta nuna mini wani abu mai kama da kan tocila, da doguwar waya.

"Baba Illa, wannan na eko ne. Ana ɗora shi bisa cikin mace, a ga yadda jariri ya kwanta. Amma sai da ordinater."

Ta ce matan wajensu in ana son a duba su sai an kawo su Tasawa, ga esansi, man fetur, ya yi tsada, ga rairayi. Da yawa ba su zuwa sai haihuwa ta gardama, a ɗoro su bisa amalanke, wata ta iso wata ba ta iso ba. Akwai wata likita daga Maraɗi da ta yarda ta biyo ta wajensu ranar Talata ta sama, ta yini ɗaya ta koya mata aiki da abin. In ta wuce, ba a san ranar da za ta ƙara samun man dawowa ba.

Akwati ne kawai ƙanen bai aiko ba, don girma. Na ce wannan ba matsala, na zaɓo mafi kyau cikin tsofaffin da ke bayan shago, na wanke shi tas. Na haɗa inji ranar da aka kawo wuta, ya tashi da dannawa ɗaya, lasifika ta yi kukanta guda. Na zuba mishi abin da zai karanta na'urar eko, na haɗa mishi ƙananan lasifikan tebur da nake da su. Kwana uku duk sa'ar da wuta ta zo sai in kunna shi, bai taɓa yin tari ba. Madan Rakiya ta ce in zo da kaina in kafa shi, na ce to.

Ranar Talata da sassafe na ɗaure shi bayan babur cikin bargo, na kama hanya. Wanda ya san hanyar nan ya san yadda take girgiza ƙashi. Na isa da hantsi na tarar likitar ta riga ni. Ƙarƙashin itacen bedi mata masu ciki sun fi goma zaune bisa tabarmi, wasu tun asuba suka taso daga ƙauyukansu, amalanke a jere, jakuna na cin harawa. Gidan likitan da pano mai kama hasken rana yake aiki, da batura, da na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta bango, wadda muke ce wa konbertiser. Mai kula da su wani dattijo ne, Malam Hamidu, shi ne gardin wurin. Kullum da safe shi hau tsani shi goge pano da tsumma, don firijin allurar yara na kansu.

Na ajiye inji bisa tebur, na haɗa kome, na yi bisimilla, na danna. Fanka ta yi motsi rabin juyi ta tsaya. Na ƙara. Rabin juyi, tsit.

Na fara daga bango yadda aka koya mini. Na sa mita, wuta na nan, ba ta kasa sosai ba. Amma konbertiser ɗin tsoho ne, shina wani gurnani, ni kuma na san injin nan kwana uku shina aiki a shagona. Sai na miƙe na ce, gaban likita da Madan Rakiya da matan da ke leƙe ta taga, "Injina lafiyarshi lau. Wutarku ce ba ta da kyau. Baturan ga ba a kula da su."

Malam Hamidu na tsaye bakin ƙofa. Ya ce a hankali, "Malam, ko jiya na duba ruwansu."

"Dubawa daban, iyawa daban," na ce.

 Ya juya ya fita, ya tafi da ƙafa har gidan mai gari ya roƙo aron janareta, ya bi gida biyu kafin ya samu esansi kwalba ɗaya, ya turo shi cikin baro da rana tsaka. Sa'ar da ya iso an yi azahar, rigarshi sharkaf. Aka tayar da janareta, na haɗa inji, na danna.

Rabin juyi, tsit.

 Janareta na ta ƙara shina shan man da aka sha wuyar samu. Likitar ta dubi agogonta ta ce, "Baba, ba don in matsa maka ba. In la'asar ta yi bai tashi ba, zan duba matan nan da hannu in wuce, akwai masu jirana gaba." Madan Rakiya ta ce mata to, ta fita ta kai wa matan ruwa. Na ji wata tsohuwa a waje tana tambaya, "Wai na'urar ta ƙi?" Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani.

Na ce a kashe janareta, a mayar da ni kan wutar pano. Na cire hula na ajiye, na buɗe akwati, na koma kan jeri. Ƙugiyar ƙarfe a koriya da baƙa: alim na juyawa, lafiyarshi lau, kuma da wutar Malam Hamidu yake juyawa. Na mayar. Na cire diski, na danna, rabin juyi. Na cire wayoyin gaba duka na taɓa allurai da turnabis, rabin juyi. Na cire baret na goge na mayar, rabin juyi. Alim mai lafiya da ke ɗaukewa nan take, kare kanshi yake, wani wuri wuta na taɓa ƙarfen da bai kamata ba. Na leƙa da madubi ko bis ya faɗa, ban ga kome ba. Saura abu ɗaya. Na kwance bis shida, na ɗago faifan gaba ɗaya daga akwati, na ɗora shi bisa kwalinshi a tebur, tsirara, daga shi sai alim da baret da ekaran. Na taɓa allurai. Fanka ta juya, ta ci gaba da juyawa. Lasifika ta yi kuka ɗaya.

Ashe akwatin ne. Cikin kowane akwati akwai ƴan ƙafafun tagulla da faifai ke zama bisansu don kar shi taɓa ƙarfe, kowace ƙafa daidai ramin bis. Na ƙirga ramukan faifai, shida. Na ƙirga ƙafafu, bakwai. Ta bakwai ta tsohon faifan da ya zauna cikin akwatin ce, wanda ya fi wannan faɗi, ni ban kwance ta ba. Tana tsaye ƙarƙashin faifai inda ba rami, tsakaninta da dalma bai fi kaurin takarda ba. A shago ba su taɓa juna ba. Girgizar hanya ce ta zaunar da faifan bisa kanta. Kanta har ya yi ƙyalli wurin gogawa. Allah ya taimake ni alim ɗin mai kyau ne, da irin na arha ne da faifan ya ƙone tun dannawar farko, ga iyaka a rufe.

Na kama ta da filaya na murɗe, na mayar da faifai, na ɗaure, na haɗa kome ɗaya bayan ɗaya ina dannawa. Inji ya tashi, hoton ya fito, ana kiran la'asar a masallacin gari. Madan Rakiya ta soka na'urar eko, ta ɗora bisa damtsenta, wani abu toka-toka ya motsa a ekaran. Likitar ta ajiye jakar da ta riga ta rataya.

Kafin in yi alwala na fita neman Malam Hamidu. Shina bayan ɗaki shina naɗe wayar janareta. Na ce shi zo. Na kawo shi bakin tagar nan, gaban matan da suka ji maganata ta farko, na ɗaga ƙafar tagullar sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ga mai laifi, kuma ni na bar shi ciki. Wutar Malam Hamidu ba ta da aibu, da ita injin ke aiki yanzu. Malam, na yi maka ƙazafi, na sa ka yawo cikin rana. Ka yafe mini."

Ya karɓi ƙafar ya jujjuya ta a tafinshi. "Wannan ɗan abin?"

"Shi."

"To Allah shi yafe mu gaba ɗaya," ya ce. Ya miƙo mini ita. "Amma kai za ka mayar wa mai gari janaretanshi. Ga baro can."

Matan suka fashe da dariya. Na tura baron, shi ko shina tafe gefena hannu a baya shina nuna mini inda rairayi ya fi zurfi.

Da muka komo daga salla an fara shigar da mata ɗaya ɗaya, an ja labule, an turo ƙofa. Wurin ba na maza ba ne, sai muka zauna bisa benci gindin bedi, ni da Malam Hamidu, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Jakata na gefena, ban rufe ta ba. Ta farko ta shiga ta fito. Ta biyu ta shiga, wata ƴar siririya da uwar mijinta ta rako. Can sai na ji wata ƙara na fitowa ta taga, daga lasifikan da na haɗa: fat-fat-fat-fat, da sauri, ba tsayawa, kamar fanka na bugun waya. Na san ƙarar nan, ko na ce na san ta. In waya ta saki ta faɗa cikin fanka haka take yi, in ba a yi maza ba fankar ta tsaya, porosesa shi ƙone. Na zabura, turnabis a hannu, na buga ƙofa.

"Madan! A kashe shi! Waya ta shiga fanka!"

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Madan Rakiya ta leƙo, hannunta duk man eko, ta dube ni ta dubi turnabis. Bayanta ina jin likitar na dariya, ƙarar ko na nan ba ta fasa ba.

"Baba Illa, mayar da turnabis ɗinka jaka," ta ce. "Ba injinka ba ne. Zuciyar jariri ce."

Na tsaya nan bakin ƙofa ban motsa ba. Ta juya za ta rufe, sai likitar ta kira ta daga ciki, ta ce ta zo ta matsa na'urar gefen hagu. Ƙarar ta ɗauke, ta dawo, wannan karon ta ɗan fi ta farko sauri. Na ji tsohuwar da ta rako yarinyar ta ce, "Mi ke nan kuma?" Likitar ta ce, "Inna, su biyu ne a ciki, a shirya zane biyu. Kuma wagga a Tasawa za ta haihu, tun da sauran wata guda za ku kai ta."

Na koma benci na zauna. Malam Hamidu ya miƙo mini sauran goron, muka ci gaba da saurare.